Abokan Zaman Mai Ɗamara

Yayana mai yankan gilashi ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana wannan sana'a a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota, tsakanin mai walda da mai gyaran firij. Duk layin ba wanda ke kiransa da sunansa, sai dai Mai Gilashi. In ka gaisa da shi za ka ji tafin hannunsa kamar ɓawon itace, ga tabon yanka ko'ina har wuyan hannu. Mutum ne marar magana. Ni kuwa, autar gidanmu, Allah ya ba ni bakin da ya hana shi, har da gyara. Tun muna yara ni ke tare masa faɗa a unguwa, shi yana tsaye a gefe yana kallon yatsun ƙafarsa.

Akwai wani hali nasa na aiki da ya sa masu gaggawa suka daina zuwa wurinsa. Gilashi ba ya fita daga shagonsa da kaifi. Ko da wanda za a saka cikin firam ne, wanda har abada hannu ba zai taɓa gefensa ba, sai ya zauna da dutsen gugarsa da ɗan kwanon ruwa ya bi gefen kaf, sannan ya shafa da babban yatsa ya ji. In mai kaya ya gaji da tsayuwa ya ce a ba shi haka nan, sai Yaya ya ce, "Ɗan dakata, saura kaɗan." Wannan saura kaɗan ɗin ya kori masu ciniki da yawa, bai kuma taɓa damunsa ba.

Matarsa, wadda nake kira Matarmu don tsokana, shara da goge-goge take yi a asibitin wani likitan haƙori. A ɗakin jira na asibitin akwai tankin gilashi da kifaye a ciki, wai don hankalin masu ciwon haƙori ya kwanta. Ita ke ba su abinci kullum da safe. Da likitan ya tsufa ya rufe asibitin, aka raba kujeru, aka raba labule, kifi kuwa ba mai so. Matarmu ta kwaso su a bokitin fenti mai murfi, ta rungume shi a cinya cikin motar haya har gida, ruwa ya jiƙa mata zani sharkaf.

Su biyar ne, kowanne bai fi tsawon yatsa ba. Jikinsu ruwan lemo, da baƙaƙen zane uku da suka zagaye su kamar ɗamara, ga 'yan gashin baki suna lalube da su. Masu sayarwa loci suke ce musu, Yaya kuwa bai taɓa wahalar da harshensa ba, masu gashin baki kawai yake cewa. Na je gidan ranar, na leƙa bokitin, na ce, "Matarmu, waɗannan ai ko ƙamshi ba za su sa wa miya ba." Ta ɗauko ludayi ta biyo ni.

A lokacin ɗansu guda ɗaya tilo, wanda muke kira Injiniya tun yana yaro saboda ɓalle rediyon gida da yake yi, ya gama karatu ya samu aiki a wani gari mai nisa. Gidan ya yi tsit. Mutum biyu, ɗaya ba ya magana, ɗaya ba ta da wanda za ta yi wa. Kifayen nan sun zo a kan gaɓa.

Cikin makon Yaya ya haɗa musu tanki da hannunsa, tsawonsa ya kusa doguwar kujera, ya jingina shi da bangon falo inda rana ba ta kaiwa. Bai san komai game da kifi ba a lokacin. Da tambaya wurin wani mai shagon kifi da ke bakin kasuwa, da kuma zama yana kallo, ya koya. Kallo kuwa ba wanda ya kai shi. Ya gane cewa waɗannan 'yan ƙasa ne, ba ruwansu da saman ruwa, rayuwarsu duk a gindin tanki take, suna tonon yashi da baki. Tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki. Don haka ya samo yashi mai laushi, ya tankaɗe shi da tsohuwar rariyar Matarmu, ya wanke har ruwan ya fita fes. Ya yanka guntayen bututun ruwa, ya goge bakinsu yadda yake goge gilashi, ya jera musu su zama ɗakuna. Ya rage hasken fitilar, don ba sa son haske mai yawa.

Bututu huɗu ya sa musu. Sai ka tarar da su biyar ɗin sun cusa kansu cikin guda ɗaya, kan wannan a wutsiyar wancan, kamar fasinjojin motar kasuwa, sauran ukun kuwa fayau. In an zuba abinci suna ci suna wata 'yar ƙara, ƙas ƙas ƙas, har daga ƙofar falo kana ji. Matarmu ta ce santi ne.

Wata rana da hantsi ta shigo falo ta tarar da babbar cikinsu kwance a kan yashi, ta gefe ɗaya, ko motsi ba ta yi. Ta saki salati, ta yafa mayafi a bai-bai, ta ruga shago. Yaya ya taho da gudu, tef ɗin awo na lilo a wuyansa. Suka tsaya su biyu a gaban tanki kamar masu karɓar gaisuwa. Can Matarmu, don rashin abin yi, ta ɗauki gwangwanin abincin kifin ta girgiza. Sai ga gawa ta miƙe zumbur, ita ce ma ta fara isa wurin abinci. Ashe haka irinsu suke hutawa, su kwanta ta gefe kamar mutum. Mai shagon kifi ya yi dariya har da hawaye da aka ba shi labari.

Daga nan abin ya zama wasan gidan. Matarmu za ta leƙo daga kicin ta ce, "Mai Gilashi, 'yarka ta sake mutuwa." Shi kuma ba tare da ya ɗaga kai ba zai ce, "Bar ta, in an kawo abinci za ta tashi." In shi ya kishingiɗa da rana na zo na tambaya ina Yaya, sai ta nuna min shi da baki ta ce, "Ga shi can ya mutu. Bari in sauke tukunya ki ga ikon Allah." Wannan babbar ita suka sa wa suna Mai Ɗamara, don zanenta ya fi na sauran faɗi.

Injiniya bai san duk wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Zuwansa na kwana biyu ne, sau ɗaya ko biyu a shekara. Da ya yi aure ya haihu, in sun zo gidan cika yake da hayaniya, yara suna buga gilashi da tafin hannu, kifayen kuwa su shige bututu ba za a sake ganin ko wutsiyarsu ba sai baƙi sun tafi. Yakan ce, "Baba, wai tankin yashi kake kiwo?" Duk da haka abin ya burge shi, don ya sayi nasa tankin ya ajiye a falonsa, mai fitila shuɗiya da tsakuwa kala-kala, wani kamfani ke zuwa yana kula masa da shi.

Irin waɗannan kifaye suna da tsawon rai, abin da ban taɓa zato ba. Shekara ashirin da wani abu suka yi a falon nan. Gashin Yaya ya yi fari a gabansu. Sannan suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, na tsufa, kowanne Yaya ya naɗe shi a tsumma ya binne a gindin bishiyar da ke tsakar gida. Ana saura biyu Matarmu ta kwanta ciwo. Ba ta daɗe ba. Bayan rasuwarta da 'yan watanni ɗayan ma ya bi, aka bar Mai Ɗamara ita kaɗai, ta fi tsawon tafin hannu, a tankin da aka yi don biyar.

Ban taɓa sanin kifi yana ramewa don kewa ba sai a kanta. Ruwan lemon jikinta ya dushe, baƙin zanen ya koma toka-toka. Ta shige bututu ta ƙi fita. In an girgiza gwangwani sai ta leƙo, ta koma. Shi ma mai girgizawar haka yake. Nakan kawo masa abinci in dawo washegari in tarar ya ɗan taɓa gefe ya rufe. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza. Wata rana ina cikin masifata ya katse ni.

"Auta, irinsu ba sa zama su kaɗai."

"Su wa?"

Ya nuna tankin da haɓa. Na ɗauki kwanon abincinsa na kai kicin.

Injiniya kuwa ya matsa a kan uban ya koma wurinsa, kuma yana da gaskiya. Jinin Yaya yana hawa, idonsa ya fara raguwa, mai yankan gilashi kuma in ido ya ragu yatsunsa ne ke biya. Kullum sai ya bugo waya. Da abin ya yi yawa Yaya ya ba shi amsa guda, a gabana.

"Zan zo. Amma sai ta samu abokan zama, na ga ta koma cin abinci. In na ɗauke ta a haka ba za ta kai ba, in na bar ta kuma ba mai duba ta. Uwarka ce ta kawo ta gidan nan a cinyarta."

Injiniya ya ce, "To Baba, a saya mata mana. Kifi ne fa, ko gobe sai a cika tankin."

"Ba haka ake yi ba," in ji Yaya, ya miƙo min wayar.

Na raka shi shagon kifin, don a lokacin ba na barinsa ya tsallaka titi shi kaɗai. Mai shagon shi ma ya tsufa, tare suka tsufa da Yaya a kan maganar ruwa da yashi. Shagon dogo ne, tankuna hagu da dama har rufi, ko'ina ƙarar kumfa, ƙasa a jiƙe. Ni na ɗauka minti kaɗan za mu yi. Na nuna wani baƙi wuluk mai jan wutsiya, kyakkyawa kamar an zana shi.

"Yaya, ga wannan. Ai ko ni na so shi."

"Wannan mai gida ne," in ji Yaya. "In ya shiga, ƙasan tankin duk nasa ne. Zai kore ta daga ɗakinta, ya bi ta lungu lungu."

"To wancan mai manne baki a gilashi? Ga shi salihi, aikinsa kawai yake."

Mai shagon ya yi dariya. "Salihi ne yana yaro, Gwaggo. Bari ya girma. Sai ya bar gilashi ya koma tsotsar jikin 'yan uwansa, musamman mai kwanciya ta gefe irin ta Mai Gilashi."

Na nuna wasu 'yan mitsi-mitsin tarwaɗa masu tafiya a ayari, suna ta kiciniya a yashi. Yaya ya daɗe a gabansu, har ya yi murmushi. Ya ce waɗannan ba su da faɗa, za su iya zama da kowa, amma ruwan da Mai Ɗamara take so ya fi nasu ɗumi, kuma ko sun zauna lafiya ba za su shiga bututu tare da ita ba, harkar gabansu za su yi. Na ce a sa dodon koɗi. Suka haɗa baki suka ce za ta cinye shi kafin a rufe murfi. Na ce ƙaguwa fa. Yaya ya kalle ni yadda yake kallona tun ina 'yar shekara biyar.

"To wai aure za a yi mata ne?" na ce. "Ko ni da aka aurar ba a yi wannan binciken ba."

"Shi ya sa kika sha wuya," in ji Yaya. Mai shagon ya juya baya yana tari. A shekara guda Yaya bai fi ya yi barkwanci sau biyu ba, sai ga shi ya kashe ɗaya a kaina.

A hanyar dawowa ya yi min bayani, maganar da ta fi kowacce tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce saman ruwa fili ne, kowa na iya kauce wa kowa, amma ƙasa gida ce. Duk wanda za ka sa a ƙasa sai ka san girman da zai kai, da abin da yake ci, da lokacin da yake yawo, da ko yana son ɗaki shi kaɗai. Ya ce mutane suna haɗa kifi don launi, su wayi gari ɗaya ya kashe ɗaya, su ce ruwa ne. Ita dai Mai Ɗamara irinta take bukata, kuma ba guda ɗaya ba, don in biyu ne kacal babba zai sa ƙarami a gaba. Sai huɗu ko biyar, a raba rigimar.

Irin nata ba su a shagon. Aka yi ta jira, mai shagon yana cigiya. An taɓa kawo wasu, Yaya ya je ya duba ya ce cikinsu ya lotsa, ba su da lafiya. Injiniya yana ta bugo waya, ni ina ta ba shi haƙuri. Sai bayan wata da watanni aka samu huɗu masu ƙiba, masu tsawon yatsa, kamar dai waɗanda suka zo a bokitin fenti.

Na ɗauka shi ke nan, a juye su a huta. Ina! Yaya ya haɗa wani ɗan ƙaramin tanki daban. Ya ce fatar irinsu ba ta da ɓawo mai kauri, cuta tana saurin kama su, musamman wata mai fitowa fari-fari kamar an barbaɗa gishiri, kuma maganin da sauran kifaye ke ɗauka su yana iya kashe su. Sabon zuwa dole ya yi makonni a gefe a ga lafiyarsa. Amma ya yi wata dabara. Ya jingina ƙaramin tankin da ƙarshen babban, gilashi na kallon gilashi.

Ba a yi mako ba ya bugo min waya da kansa, abin da ba ya yi. Ina kan keken ɗinki.

"Auta. Ta ci."

Na bar ɗinkin na tafi. Na tarar da Mai Ɗamara a waje, ta manne da gilashin ƙarshe, tana hawa tana sauka, yaran huɗu daga can ɓangaren suna bin ta sama da ƙasa. Ruwan lemon ya fara dawowa. Yaya yana zaune a tsohuwar kujerarsa da kwanon abincin da na kawo jiya, ya cinye tas. Ya ce saura kaɗan a haɗa su. In sun saba, zai je gidan Injiniya ya auna bango, ya haɗa sabon tanki, ya ɗebi yashin nan da ruwan nan ya tafi da su. Har ya fara lissafin kaurin gilashin.

Ana cikin wannan saura kaɗan ɗin ya faɗi a shago. Mai walda ne ya ji ƙarar ya shigo, ya same shi a ƙasa, baki ya ɗan karkace. Aka kai shi asibiti. Ni na zauna jinya. Injiniya da matarsa suka iso washegari, ido jawur, suka sauka a gidan. Da na ba shi makulli na ce, "Kifin nan ka zuba musu abinci ɗan kaɗan, iya abin da yatsa biyu za su ɗauka. Bayan wannan kada ka taɓa komai." Ya ce to, Gwaggo.

Bayan 'yan kwanaki, Yaya ya fara samun sauƙi, Injiniya ya ja ni baranda, fuskarsa cike da fara'a irin ta yaron da ya ci jarrabawa.

"Gwaggo, kada ki gaya wa Baba tukuna. Saura ƙiris kifinsa ta mutu, Allah ya sa na gani."

Ya ce ya shiga falo ya tarar da ita kwance ta gefe a kan yashi, ba ta motsi. Hankalinsa ya tashi. Ya san in uban ya ji, jinin zai sake hawa, ni kuma ina fama da jinya, bai so ya ƙara min. Sai ya ɗauki hoto ya tafi wani babban kanti mai sashen kifi. Aka ce masa ruwan ya tsufa, yashin ya yi datti, kifin kuma kaɗaici ke damunta. Shi da matarsa suka wuni suna aiki. Suka kwashe ta a roba, suka zubar da ruwan duka, suka wanke tankin da sabulu har yana ƙyalli, suka zubar da yashi da tsofaffin bututun da suka yi gansakuka. Suka zuba sabuwar tsakuwa, suka sa fitila mai haske, suka cika da ruwan famfo, suka zuba magani cikakken awo. Suka juye yaran huɗu a ciki. Sannan, don Baba ya dawo ya ga ta samu abokai da yawa, suka ƙaro guda biyu masu kyau.

"Wane iri?" na ce.

"Wani baƙi mai jan wutsiya, irin nawa na gida. Da wani mai share gilashi."

Duk bakin nan nawa, ban iya zaginsa ba. Hannunsa duk ya yi jawur da wanki, ga wata 'yar yanka a yatsa. Na ce ya zauna da ubansa, na tari mota.

Falon yana ƙamshin sabulu. Tankin yana walƙiya kamar shagon gwal. Mai Ɗamara tana wani lungu bayan injin tace ruwa, ta cusa kanta inda jikinta ba zai shiga ba, kumatunta suna bugawa da sauri. Baƙin yana zagaye, in ta motsa ya kai mata cafka. Na fita da gudu na zazzage kwandon shara a tsakar gida, na tono bututunta, na ɗauraye na mayar. Na kira mai shagon kifi. Ya rufe shagonsa ya zo da jarkokin ruwan tankunansa. Ya cire baƙin da mai tsotsa, ya kwashe yaran ya ce zai yi jinyarsu a wurinsa, ya rage maganin, ya kashe fitilar. Da ya gama ya tsaya yana goge hannu, bai kalle ni ba.

"Gwaggo, da yarinya ce da na ce za ta tashi."

Ranar da aka sallamo Yaya, Injiniya yana riƙe da hannunsa suka shigo falo. Na riga na gaya wa yaron abin da aikinsa ya jawo, ya yi kuka a mota kamar ƙaramin yaro. Yaya ya tsaya. Ya dubi tsakuwar ja da kore da shuɗi. Ya dubi wurin da ƙaramin tankin yake da. Ya ja ƙafarsa zuwa gaban gilashin, ya durƙusa da ƙyar. Mai Ɗamara ta leƙo daga bututun. Gashin bakinta ya cinye, fiffikenta ya yayyage, farin gishirin nan ya rufe mata jiki.

Injiniya ya fara, "Baba, wallahi na ga ta kwanta ne, na ɗauka…"

Yaya ya sa hannu cikin ruwan, ya ɗebo tsakuwa ɗaya, ya shafa gefenta da babban yatsa. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce, da harshensa da bai gama warwarewa ba, "Kun sha aiki. Allah ya yi muku albarka."

Da ya zage shi da ya fi mana sauƙi, mu duka.

Ya yi jinyarta iya ƙarfinsa, da hannu ɗaya mai aiki. Ya sa na tankaɗe sabon yashi da rariyar Matarmu, muka kwashe tsakuwar a hankali da ludayi. Ba ta kai mako ba. Wata safiya na shigo da shayinsa na same shi a kujera, ita kuma ta fito daga bututu ta kwanta ta gefe a tsakiyar yashin. Gwangwanin abincin yana hannunsa. Ya girgiza, ya jira. Ya sake girgizawa. Na ajiye shayin na koma kicin na toshe bakina da mayafi.

A gindin bishiya ya binne ta, kusa da 'yan uwanta. Cikin yaran huɗu uku sun rayu. Mai shagon ya zo ya ce a kawo su ne? Yaya ya ce a'a, ya riƙe, amma in zai sayar kada ya raba su, kuma ya tambayi mai saye me ke ƙasan tankinsa. Sannan ya juya ya ce wa Injiniya, "Na ce in an gama zan zo. An gama."

Ba zan yi wa yaron nan ƙarya ba, ya riƙe ubansa da kyau. Ɗaki ya ware masa a sama, mai tayil da na'urar sanyi da farar fitila, sabon gado, sabuwar kujera. Tsohuwar kujerar ba a ɗauko ba, an ce ta yi wari. Matarsa ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, magani a kan lokaci, abinci marar gishiri yadda likita ya ce. Da safe kowa ya fice, iyaye wurin aiki, yara makaranta, a kulle get. Unguwar shiru, ba mai walda, ba mai firij, ba tsoho ko ɗaya da zai zauna kusa da shi su yi shirunsu tare. A falo ga tankin Injiniya da baƙin nan mai jan wutsiya yana sintiri shi kaɗai. In Yaya ya sauko, kujerar da ta ba tankin baya yake zaɓa.

Na je duba shi sau biyu. A zuwa na biyu matar Injiniya ta nuna min teburin gilashin falo tana dariya, wai Baba ya samo takardar guga ya bi gefensa kaf, ya ce zai yanki yara. Shi ke nan aikin da ya samu a gidan, kuma ya ƙare a yini ɗaya. Na hau sama na same shi ya rame, fatarsa ta dushe. A kan tagar ɗakin, cikin duk sababbin kayan nan, ga guntun bututun nan na Mai Ɗamara ya ajiye. Na yi ta zuba, labarin layin shago, labarin masu kawo ɗinki, ina tsokanarsa, yana gyaɗa kai. Raina ya ɓaci har na rasa da wa zan yi faɗa. Mutumin da ya yi wata da watanni yana zaɓa wa kifi abokin zama, shi ba wanda ya tsaya ya tambayi irin ruwan da yake iya rayuwa a ciki. Na ce ya dawo wurina, ɗakina ɗaya ne amma za mu raba da labule. Ya ce, "Yaron zai ɗauka ban yafe masa ba."

Bai cika shekara a can ba. Wata ranar hutu da la'asar ina kan keke, ina haɗa hannun wata riga, waya ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Gwaggo, Baba ne. Tun da hantsi ya kwanta, ya juya ta gefe yana kallon bango. Mun ɗauka hutawa yake. Na ce kada kowa ya taɓa shi, na ce a bar shi, wallahi Gwaggo wannan karon ban taɓa komai ba."

Ƙafata tana kan keken, ban san lokacin da ta tsaya ba. Tambaya ɗaya ce ta zo bakina.

"Kun kai masa abinci?"

"Mun kai, Gwaggo," in ji shi. "Bai tashi ba."